Motar da Baba Kumfa Bai Wanke Ba

Ranar da motar 'yan kwana-kwana ta ratsa layinmu da jiniya, ba labarin gobara ne ya fito da mu daga gidaje ba. Abin da ke saman motar ne. Maƙwabcina ne, Baba Kumfa mai wankin mota, kwance rub da ciki a kan tsani, hannu ɗaya ya ƙanƙame ƙarfe, ɗayan riƙe da soso, kumfa na tashi a bayansa iska na watsa ta. Takalminsa ɗaya ya riga ya kama gabansa. Jiniya na ihu, shi ma yana ihu, ka rasa wa ya fi wani murya.

Ina tsaye a rumfata da dutsen guga a hannu. Na ɗaga masa ɗaya hannun na ce, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya! A gai da mutanen can!"

Daga baya ya rantse bai ji ni ba. Ya ji. Har hararata ya yi kafin su sha kwana.

To, kafin in faɗa muku abin da ya kai dattijo mai jikoki shida saman motar kashe gobara, sai kun fara sanin ko wane ne shi.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ni guga nake yi da dutsen gawayi, a rumfar ƙofar gidana. Shi kuwa wurin wankinsa na bakin titi, bayan gidan mai: famfo ɗaya, duro biyu, tiyo mai faci uku, da bencin da direbobi ke zama su yi ƙarya. Ni na laƙaba masa Kumfa, don ban taɓa ganin gwiwar hannunsa ba ita ba. Da farko in na kira shi da sunan sai ya ɗauke kai. Yanzu ko maiɗakinsa, Inna, in ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Bawan Allahn nan motoci arba'in gare shi. Kuma ko'ina a ƙafa yake zuwa.

Motocin suna cikin wani kabad mai gilashi a falonsa, inda sauran mutane ke jera kwanuka. 'Yan ƙanana ne na ƙarfe, wasu ba su wuce tsawon yatsa ba, babbar cikinsu ta cika tafin hannu. Ƙofofinsu na buɗewa, tayoyinsu na juyawa. Akwai tasi, akwai tifa da tanka da tirela, akwai akori-kura, bas, motar asibiti, har da tarakta. Wasu wajen masu gwanjo ya tono su, wasu direbobi ke kawo masa tsaraba. Kada dai ka kuskura ka kira su kayan wasa a gabansa. Wani surukinsa ya taɓa faɗa, har yau a tsakar gida ake shimfiɗa masa tabarma.

Kabad ɗin nan doka gare shi, kuma shi ya kafa wa kansa ita. Mota ba ta shiga ciki sai ya wanke babbarta, ta gaske, da hannunsa. Wanki kuma a wurinsa ba watsa ruwa ba ne. Daga rufi ake farawa, don dattin sama ƙasa yake gangarowa. Sai gilasai, sai jiki, sai tayoyi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya goge lamba da busasshen tsumma. In bai goge lamba ba, motar ba ta wanku ba, ko da kana ganin fuskarka a jikinta.

Bai tsaya nan ba. Dole 'yar ƙaramar ta yi kama da wadda ya wanke. In ta gasken ta lotsa a ƙofar baya, sai ya ɗauko ƙusa da ƙaramar guduma ya lotsa tasa a daidai wurin. Da idona na ga ya sayo sabuwar akori-kura fil, ya zauna ya fasa mata fitilar hagu.

Na ce, "Maƙwabci, lafiya kuwa? Ko a kira Inna?"

Ya ce, "Haka na san ta."

Ba ya karatu, ba ya rubutu, ni ma da kaɗan na fi shi. Amma nuna masa kowace mota a kabad, zai faɗa maka shekarar da ya wanke ta, da direbanta, da abin da ya tarar a ƙarƙashin kujera. Tasin nan rawaya ita ce motar farko da aka sakar masa shi kaɗai yana saurayi, ya goge ta har mai ita ya wuce ta bai gane ta ba. Tankar yini guda cur ta ci masa, ya kwana uku yana warin gas, Inna ta fitar masa da katifa. Bas ɗin kuwa kaza ya samu a ciki tana kwanci, ya wanke ko'ina ya bar mata kusurwarta. Motar asibitin ita ce ta ɗauki Inna ranar da haihuwar 'yarsu ta ƙarshe ta zo da gardama. Da aka sauka lafiya, ya bi direban har garejinsu ya wanke motar ciki da waje, bai karɓi ko sisi ba. Ita ce a layin sama, a tsakiya.

Tuƙi fa? Sau ɗaya ya gwada. Wani direba ya ce ya ɗan matsar masa da mota gaba. Ya matsar da ita baya, ya kifar da duro biyu, ya bi da bencin da mutum uku ke kai. Tun ranar ya ce shi da sitiyari sai dai gogewa.

Shi ya sa kullum in ya fito da safe da bokiti nake gaishe shi yadda ya dace: "Attajiri mai mota arba'in! Yau wacce za a fito da ita?" Shi kuma ya ce, "Wadda za ta bi ta kanka."

Rigimar ta samo asali daga Auta, wannan 'yar tasa ta motar asibiti. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Da ta karɓi albashinta na farko, ta sayo wa babanta motar kwana-kwana, ja wur, a cikin kwali mai tagar leda. Tsaninta na miƙewa, tana da 'yar tiyo a naɗe a gefe. Duk kabad ɗin babu mai kyanta. Ya riƙe ta ya yi ta juyawa, ya yi ta sa wa Auta albarka. Sannan ya mayar da ita kwali, ya ɗora a saman kabad. A sama, ba a ciki ba. Bai taɓa wanke motar kwana-kwana ba.

Shekara biyu tana nan. Sau uku yana zuwa ofishin 'yan kwana-kwana yana roƙon su bar shi ya wanke motarsu, sau uku ogansu, wani dogo mai gashin baki, yana ce masa, "Baba, yi haƙuri. A gidan nan mu muke wanke abarmu. Doka ce."

Sai kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi matsala. Likita ya duba ya ce shekara arba'in da wani abu ana murza soso ya isa. 'Ya'yansa suka taru suka yanke: ƙarshen wata Baba ya ajiye aiki. A watan kuma aka yi wa Auta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ita ma ƙarshen wata za ta tafi.

Ta katanga na jiyo su, don katangar tamu ba ta da sirri.

"Baba, shekara biyu fa. Ko dai ba ka son ta ne? In ba ka so faɗa mini, ba zan ji haushi ba."

"Ina son ta, Auta."

"To sa ta ciki mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. In na sa wadda ban wanke ba, sauran arba'in ɗin duk sun zama kayan wasa."

Can ta ce, "Ni dai na so in gan ta a ciki kafin in tafi."

Wannan maganar ce ta kai shi saman mota. Washegari da safe ya bi ta ofishin, ya ga ƙofa a buɗe, mai gadi ya zaga, ma'aikatan suna can ciki. Ya shige da bokitinsa kamar an aike shi. To, duk wanda ya zo satar wanki, in yana da wayo, ai daga taya zai fara, in an yi motsi ya zame. Ban da Baba Kumfa. Daga rufi ake farawa. Ya hau, ya kaɗa kumfa, ya shafe rabin saman, sai ƙararrawa ta buga. Mutane suka fito a guje suka faɗa mota, ba wanda ya ɗaga kai. Bokiti ya tafi a kwanar farko, takalmi a ta biyu.

Sai da suka isa inda tarin dusar katako ya kama wuta, can ƙarshen gari, suka zo sauke tsani, suka tarar da dattijo manne da shi. An ce da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa. Ogan ya yi faɗa har gashin bakinsa na rawa, ya ce in ya ƙara ganinsa ko a bakin ƙofarsu, sai ya haɗa shi da hukuma. Inna aka kira a waya ta je ta taho da shi. Ta ba da haƙuri, ta kuma ajiye lambar ogan a wayarta, wai ko don gaba.

Ni kuwa abin nema ya samu. In ya fito, in yi masa jiniya da baki. In ya dawo, in tambaye shi ko yau ma saman mota ya biyo. Har shawara na kai masa kyauta.

"Maƙwabci, tunda rabi ka wanke, ka sa rabinta a kabad. Hancin a ciki, gindin a waje, a bar ƙofar a buɗe."

Ya ce, "Kai dai da bakinka za a iya guga da shi, da ka huta da sayen gawayi."

Inna ma ta sa baki. Ta ce, "Malam, ka hau ta, ka sa mata sabulu, ta zaga gari da kai. Wace mota ce a kabad ɗin nan ta yi maka haka? Ai ta cancanta."

Ya ce, "Ban goge lamba ba."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya har ranar ƙarshen wata. An kwana biyu ana ruwa, layinmu ya zama taɓo. Kafin azahar ya wanke motarsa ta ƙarshe, ya dawo gida da tiyo a naɗe a kafaɗar hagu, da sabon bokiti a hannu. Auta na ciki tana haɗa kaya, da safe za ta kama hanya.

Na cika dutsen guga da sabon garwashi, na ajiye shi a kan bargon tebur, na ce bari in leƙa minti ɗaya in yi masa murnar ritaya. Na same shi a falo, ya baje motoci a kan tabarma yana bin su da tsohon buroshin haƙori. Kwalin na nan a saman kabad. Na tsaya a bakin ƙofa na saki jiniyata, wadda ta fi ta kullum tsawo.

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Shigo ka zauna."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini. Na zauna. Ya miƙo mini tsumma, na shiga goge tifa. Muka yi shiru, abin da bai taɓa faruwa tsakanina da shi ba. Minti ɗayan nan nawa ya haihu, ya yi jikoki.

Sai Auta ta leƙo ta ce, "Wai me ke ƙauri ne?"

Abin da ya biyo baya, matan layi sun tabbatar mini da shi. Inna ce ta fara hango hayaƙi ta saman katanga. Ba ta yi ihu ba. Wayarta ta ciro tukuna, ta kira mai gashin baki, ta yi masa kwatance tsaf, har da inda za su sha kwana. Sai da ta kashe wayar, ta gyara ɗaurin ɗankwali, sannan ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo jama'a, gobara!"

Rumfata ce. Bargo ya kama, tebur ya kama, rufin ya kama, har da babbar rigata ta fita da na rataye a ƙusa. Allah ya taimake ni kayan mutane na cikin ɗaki. Baba Kumfa ya jona tiyonsa mai faci uku a famfon gidansa, maƙwabta suka kawo bokitai. Kafin mu ji jiniya wutar ta kusa mutuwa.

Motar ta shigo layi tana iyo a taɓo. Ta tsaya a ƙofar gidana, ja a sama, launin ƙasa daga ƙofa zuwa taya, gilashin gaba duk feshin laka. Suka sauko suka ƙarasa abin da ya rage, suka haɗa da ni a feshin, don wai wandona na hayaƙi.

Ogan ya juyo ya ga Baba Kumfa riƙe da tiyo. Ya ce, "Kai ne kuma?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma yau a ƙasa nake."

Inna ta matso, ta ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, sannunku da ƙoƙari. Amma dubi motarku. Haka za ku ratsa gari da ita, kamar an tono ta daga rami?"

"In mun koma za mu wanke, Inna. Doka ce."

"Ai na ji dokar. Cewa kuka yi a gidanku ku kuke wanke abarku. Nan kuwa ƙofar gidanmu ce."

Kafin ya sami amsa, Auta ta fito da kwalin ta buɗe ta miƙa masa. Ta faɗa masa komai a taƙaice: kabad, doka, kafaɗa, da tafiyarta da safe. Ya karɓi 'yar motar ya ɗora a tafin hannunsa. Ya miƙar da tsanin da ɗan yatsa, ya mayar. Ya sake miƙarwa. Yaransa suka zagaye shi suna leƙe, ƙarti da huluna a ka, kowa na son ya taɓa.

Can ogan ya dafa oba-oba, 'yar rediyon kiran da ke ƙugunsa, ya ce, "Baba, ga sharaɗi. In oba-oba ta yi kira, tafiya za mu yi. Ko kana sama ko kana ƙasa."

Na ce, "Maƙwabci, don girman Allah wannan karon fara daga taya. Saman ai ka wanke rabinsa wancan satin."

Ya ce, "Wancan wankin ya tashi. Ɗebo ruwa."

Ya hau. Daga rufi ya fara.

Duk layin ya fito kallo. Wani daga cikin 'yan kwana-kwanan ya ɗauki tsumma zai taya shi, ya ce, "Ajiye, ɗana. Kai naka kashe wuta." Ruwa kawai ya yarda a miƙa masa, ni ne kuwa mai miƙawa, fuska duk baƙin hayaƙi, wando na ɗiga. Ya gama sama ya sauko gilasai. A jiki kafaɗar ta fara gardama, na ga yana cije leɓe. Ya mayar da soso hannun hagu ya ci gaba. Auta ta ce, "Baba, huta kaɗan." Ya ce, "Kumfa ba ta jira, bushewa take."

Ya durƙusa wajen tayoyi. Shida ne, don na baya bibbiyu suke, ya bi kowace da buroshi har cikin zanenta. Yana kan ta ƙarshe sai oba-oba ta yi ƙara a ƙugun oga.

Baba Kumfa bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya.

Murya ta ce, "Kuna ina ne?"

Ogan ya ce, "Akwai wata gobarar?"

"Babu. Mun ji ku shiru ne."

Ya dubi dattijon da ke durƙushe a taɓo, ya shafa gashin baki, ya ce, "Muna ƙarasa aiki."

Baba Kumfa ya gama tayar. Ya zaro busasshen tsumma daga aljihu, wanda na tabbata tun wancan satin yake yawo da shi, ya goge lambar gaba, ya zaga ya goge ta baya. Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ta wanku." Mata suka ɗauki shewa, direban ya saki jiniya sau ɗaya don girmamawa. Da za su fita sai da muka shimfiɗa musu sauran katakon rumfata a kan taɓo, kada aikin ya ɓaci.

Muka ɗunguma falo. Ya ɗauko 'yar motar, sai kuma ya jawo ƙusa da guduma, wai ta gasken ta ɗan lotsa a bamba, madubinta na dama kuma an ɗaure shi da baƙin salatif.

Auta ta ce, "Baba! Wallahi in ka buga mata ƙusa na fasa tafiyar, in zauna in yi ta yi maka allura."

Aka yi sulhu a kan salatif. Ya yanko ɗan mitsitsi ya naɗa a madubin. Sannan ya buɗe kabad, ya matsar da tanka gefe, ya miƙa wa Auta motar ya ce ita za ta sa. Ta ajiye ta a layin sama, kusa da motar asibiti. Ta daɗe tsaye tana kallo, sai ta ce hayaƙin ɗazu ne ya shiga mata ido.

Yanzu a layi wasu na cewa da gangan na bar dutsen gugar, don zumunci. Da farko ina musawa. Da na ga ana ta yaba mini, sai na daina.

Da yamma na same shi a bencin ƙofar gida, Inna ta ɗaure masa kafaɗa, yana kallon inda rumfata take a da. Na zauna kusa da shi na ce, "To, attajiri, arba'in da ɗaya ke nan, kuma har yanzu a ƙafa. Ka gode mini dai. Ba don ni ba da har yanzu tana kwali. Yanzu kuma da ka ajiye soso, shi ke nan, an rufe kabad."

Ya ce, "A'a, akwai sauran wuri ɗaya. Motar kwasar shara ce ban taɓa wankewa ba."

"To ina za ka same ta, kai da ka yi ritaya?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ai ba sai na nema ba. Sakacinka ya kawo mini wannan har ƙofar gida. Ka ci gaba da buɗe bakin nan, waccan ma tana tafe."